Alkawarin Ƙasa da 'Yancin Lamirin Ɗan Makaranta

Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai a Kafin Hausa



An nemi mu yi magana a kan wani abu wanda kowa a wannan zaure ya haddace tun yana aji ɗaya, watau alkawarin nan na biyayya ga ƙasa wanda yara ke karantawa a filin makaranta da safe bayan taken ƙasa. Abin da za mu duba shi ne ambaton Allah da ke cikinsa, da kuma ko ya halatta a tilasta wa yaro faɗinsa idan zuciyarsa, ko ta iyayensa, ba ta yarda ba. Wataƙila wani ya ce ai wannan zancen Turawa ne, mu nan duk masu addini ne, wa zai ƙi ambaton Allah? To muna roƙonsa ya ba mu aron kunnensa, domin rigimar tana nan a gidanmu, sai dai ta wata ƙofa dabam ta shigo.

Ba tare da 'yancin kai aka haifi wannan alkawari ba. A 1960 tuta da take muka samu. Sai a cikin shekara ta 1976, shekara shida bayan ƙarewar yaƙin basasa, kuma 'yan watanni kaɗan bayan kisan Janar Murtala Muhammed, wata malama mai suna Felicia Adebola Adedoyin, 'yar asalin garin Shaki na ƙasar Yarabawa, ta rubuta shi, aka buga a jaridar Daily Times a watan Yuli. 'Ya'yanta sun yi karatu a Amurka da Gana, inda suka saba karanta irinsa a makaranta. Gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓa, ta yi umurni a riƙa karanta shi a makarantu. A watan Satumba na wannan shekarar kuma aka buɗe shirin UPE, watau ilmin firamare kyauta ga kowa da kowa. Saboda haka a ƙauyuka da yawa na ƙasar Haɗejiya, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, allo da alli da alkawarin ƙasa kusan rana ɗaya suka iso, suka tarar da iyaye waɗanda da ma suke ɗari-ɗari da boko. Niyyar gwamnati a fili take. Ƙasa ce da ta fito daga yaƙi, ana son ɗan Kalaba da ɗan Bulangu su buɗe baki su faɗi abu ɗaya.

Abin da ke ciki ba shi da yawa. Yaro yana yi wa Nijeriya alkawarin zai zama mai amana da biyayya da gaskiya, zai yi mata aiki iyakar ƙarfinsa, zai kare haɗin kanta, zai tsare mutuncinta da martabarta, sa'an nan ya rufe da roƙon Allah ya taimake shi. Shi ma taken ƙasa, da wanda aka yi amfani da shi daga 1978, da na 1960 wanda Shugaba Tinubu ya sa hannu aka dawo da shi ran 29 ga Mayu 2024, kowannensu yana da baiti guda wanda addu'a ce tsantsa. Gabatarwar Tsarin Mulkin 1999 ma ta kira Nijeriya ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Allah, ko da yake sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati.

A Amurka, inda aka samo wannan al'ada, gardamar ta daɗe. Wani tsohon fasto mai suna Francis Bellamy ne ya rubuta nasu alkawarin a 1892, kuma abin mamaki bai sa sunan Allah a ciki ba. Sai a 1954, ana tsakiyar yaƙin cacar baki da Tarayyar Sobiyet, majalisarsu ta ƙara kalmomi biyu masu nuna ƙasar tana ƙarƙashin Allah, domin a bambanta ta da 'yan gurguzu. Tun daga nan waɗanda ba su yarda da addini ba suke ta kai ƙara a cire. Ɗaya daga cikin ƙararrakin ta kai har Kotun Ƙolinsu a 2004, kotun ta kauce wa ainihin maganar, ta ce mai ƙarar ba shi da hurumin tsayawa a madadin 'yarsa.

Mu a nan wannan ɓangaren bai cika damunmu ba. Musulmi Allah yake cewa. Kirista Bahaushe ma Allah yake cewa, haka yake a rubuce cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun bugun 1932. Bamaguje, duk da tsafinsa, ya san akwai Allah a bisa kome. Jimlar ƙarshe ta alkawarin ita ce ma ta fi sauƙin haɗiya gare mu. Masu ƙyamar alkawarin a ƙasarmu galibinsu mutane ne masu tsananin riƙo da addini, kuma abin da ke tsaya musu a wuya shi ne jimlolin da suka zo kafin a kai ga sunan Allah. Tambayarsu ita ce, yaya za a yi wa abin halitta alkawarin biyayya ba tare da sharaɗi ba, sa'an nan a kira sunan Mahalicci a kai?

A ganinmu rabin wannan rigima ta fassara ce, kuma mu masu nazarin harshe muna da laifi a ciki da abin faɗa. Ku dubi kalmar da Bature ya sa ta yi wa ƙasa aiki. Sa'ad da gwamnatin Janar Gowon ta kafa shirin aikin shekara guda na waɗanda suka gama jami'a a 1973, sai Hausa ta raɗa masa suna bautar ƙasa, har yau kuwa sunan bai bar bakin jama'a ba. To bauta a harshenmu tana da fuska uku: akwai bautar bawa ga ubangijinsa, akwai wahalar aiki, akwai kuma ibada. Mutumin da ya tashi yana jin malaminsa na cewa ba a bauta wa kowa sai Allah, ran nan sai ya ji an ce ɗansa yana tsayawa gaban ƙyalle kowace safiya yana alkawarin bauta wa ƙasa, me kuke tsammani zai ɗarsu a ransa? Gidajen rediyo sun farga, shi ya sa yanzu suka fi cewa yi wa ƙasa hidima. Hidima kuwa ba ta da wani aibu, ana yi wa iyaye, ana yi wa baƙo, ana yi wa gari. Kalma ɗaya tak, amma ta isa ta raba uba da hedimasta.

Kalma ta biyu ita ce rantsuwa. Da yawa daga cikinmu mukan kira abin rantsuwar ƙasa, alhali kuwa alkawari ne. Ba a ce wallahi ba, ba a dafa Alƙur'ani ba, ba a kuma rantse da tuta ko da ƙasa ba, wanda da an yi haka da malamai suna da gaskiya su hana, tun da ba a rantsuwa da wanin Allah. Ambaton Allah da ke ƙarshe roƙo ne. Bambancin yana da girma a wurinmu, gama rantsuwa ba abin wasa ba ce. A gaban alƙali takan yanke shari'a, kuma mun san dattawan da za su gwammace su bar haƙƙinsu da su dafa Littafi, ko da suna kan gaskiya. Wanda ya karya rantsuwarsa kaffara ta hau shi, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumi uku. Jama'ar da ta ɗauki rantsuwa da irin wannan nauyi ba laifi ba ne in ta tambaya me ake sa 'ya'yanta faɗa. Alkawarin ma ai kaya ne, in ji Hausawa. Laifin yana wurin waɗanda ba su ba da amsa ba. Shekara wajen hamsin ke nan yara suna rera wannan abu da Turanci, da muryar karatun aku, suna haɗiye rabin kalmomin, kuma da wuya ka sami ɗan aji uku a ƙauye wanda zai gaya maka da Hausa abin da ya ɗauka wa kansa. Yaron da bai san abin da ya faɗa ba, bai yi wa kowa alkawarin kome ba, sunan Allah kawai aka sa ya ja a banza.

Ba yau aka fara auna biyayya ga hukuma da ma'aunin addini a ƙasar nan ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, shugabanni suka rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari ya tsaya tare da jama'a, ya kuma rubuta risala yana bayyana wa malamai hujjarsa ta zama da Nasara ba tare da ba su zuciya ba. A nan ƙasarmu Sarkin Haɗejiya Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya faɗi a hannunsu a watan Afrilu 1906, shi ne ake kira Mai Shahada. Kowannensu lamirinsa ya bi, watau abin da zuciyarsa ta gaya masa shi ne daidai tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma ga abin da muke so ku riƙe. Rantsuwar da Turawa suka tsara wa sarakuna ranar naɗi tana da sharaɗi a cikinta. Sarki yana rantsewa zai bi dokokin gwamnati da umurnin Gwamna da Razdan muddin ba su saɓa wa addininsa ba, idan kuwa sun saɓa zai sanar da Razdan nan da nan. Ba don tausayi Lugga ya yi haka ba, dabarar mulki ce, ya san rantsuwar da ta take imanin mutum ba ta ɗaure shi. To idan ɗan mulkin mallaka mai bindiga a hannu ya bar wa sarki wannan ƙofa, yaya gwamnatinmu ta kanmu za ta toshe ta ga yaro ɗan shekara tara?

A takarda dai ba ta toshe ba. Tun kafin 'yancin kai, Hukumar Willink da ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958 ta ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta. A Tsarin Mulkin 1999 sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da na lamiri da na addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗan makaranta shiga wani sha'anin ibada na addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Masu goyon bayan tilas sukan kawo sashe na 24, wanda ya lissafa wajiban ɗan ƙasa. Mun karanta shi. Cewa ya yi a girmama tuta da take da alkawarin ƙasa. Girmamawa ya ce, bai ce furtawa ba. Daɗin daɗawa, sashe na 24 yana cikin babi na biyu, wanda tsarin mulkin da kansa ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa, sashe na 38 kuwa yana cikin babi na huɗu, wanda kotu ke tsare wa mutum. Har ila yau Dokar Rantsuwa ta 1963 ta yarda wanda ba ya son rantsuwa ya yi furucin tabbatarwa a madadinta. Ashe gwamna ranar kama mulki yana da zaɓi, mai ba da shaida a kotu yana da zaɓi. Ɗan firamare ne kaɗai aka bari da bulala.

Kotunan wasu ƙasashe sun riga sun taka wannan hanya. A Amurka a 1940 Kotun Ƙoli ta yarda a kori 'ya'yan Shaidun Jehobah waɗanda suka ƙi sara wa tuta. Abin da ya biyo baya shi ne gungun mutane suka riƙa far musu a garuruwa da dama. Shekara uku kacal bayan haka, a 1943, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, kotun ta warware hukuncinta, alƙalai shida cikin tara suka ce ba wata hukuma da ke da ikon tilasta wa mutum furta abin da bai gaskata ba. A Indiya kuma an kori wasu yara uku 'yan gida ɗaya daga makaranta a Jihar Kerala saboda ba sa rera taken ƙasa, ko da yake sukan miƙe tsaye cikin ladabi. A 1986 Kotun Ƙolin Indiya ta ce a mayar da su, tsayuwar nan tasu ta isa girmamawa.

Wani zai ce Shaidun Jehobah nawa ne a Kafin Hausa da za mu ɓata yammacinmu a kansu? Ƙarancinsu shi ne dalilin. Haƙƙi irin wannan don marasa yawa aka yi shi, gama masu rinjaye ba su bukatar kotu ta tsare su. Mu kuma da muke rinjaye a nan, a wani wurin mu ne 'yan tsiraru. Gwamnatin Jihar Legas ta hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantunta, Babbar Kotun jihar ta goyi bayanta a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hanin a 2016, aka ja har Kotun Ƙoli, wadda ran 17 ga Yuni 2022 alƙalai biyar cikin bakwai suka tabbatar wa yaran haƙƙinsu. Duk mun yi murna. To da wane sashe aka ci wannan shari'a? Da sashe na 38 ɗin nan. Hujjar gwamnatin Legas ita ce kayan makaranta iri ɗaya suna kawo haɗin kai da ɗa'a, watau dai hujjar da hedimasta zai kawo in ya ɗaga bulala a kan yaron da ya yi shiru a layi. Ba yadda za a yi mu ƙi ta a Legas mu karɓe ta a Dutse. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kada kuma a ɗauka zancen tilas tatsuniya ce. A watan Yuli 2024 Kakakin Majalisar Wakilai, Tajuddin Abbas, mai wakiltar Zariya, ya gabatar da wani ƙudurin doka wanda a cikinsa aka tanadi tarar Naira miliyan 5 ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga wanda ya ƙi karanta taken ƙasa da alkawarin ƙasa. Jama'a suka yi ca, ya janye shi ran 14 ga Agusta. Mun yaba da janyewar. Amma abin lura, wannan ya zo ne wata biyu bayan an sauya taken cikin 'yan kwanaki ba tare da an tsaya jin ta bakin talakawa ba, lokacin da manya da yawa, har da masu riƙe da muƙamai, ba su iya sabon ba tukuna.

Yanzu sai mu zo ga hujja mafi nauyi a kan ra'ayinmu, kuma ba za mu yi mata kwana ba. Muhammad Yusuf na Maiduguri, kafin a kashe shi a 2009, yana cikin abin da yake wa'azi a kai cewa girmama tuta da karanta alkawarin ƙasa shirka ne, magajinsa Shekau ma ya riƙa yi wa alkawarin ba'a a faifayensa. Mun ga inda wannan hanya ta ƙare, a Buni Yadi cikin Fabrairu 2014 da Chibok cikin Afrilu na wannan shekarar. Mai hankali zai iya tambaya, in aka bar yaro ya yi shiru yau, ba irin wannan tsiro ake yi wa ban ruwa ba?

Amsarmu ita ce, waɗannan mutane ba su taɓa neman a bar su su yi shiru ba. Sun nemi su rufe bakin kowa ne, suka kafirta wanda ya faɗa, suka ƙone makarantar da ake faɗa a ciki. Iyaka a bayyane take: wanda ya kame bakinsa ya tsaya cikin ladabi yana cikin haƙƙinsa, wanda ya hana wani faɗa ko ya ta da fitina a fili doka ta hau shi, sashe na 45 ma ya ba gwamnati wannan iko domin tsaron jama'a. Sa'an nan mu tambayi kanmu, a ina maganar Yusuf ta sami gindin zama? A zukatan samari waɗanda da yawansu sun yi shekaru suna rera alkawarin nan ba wanda ya taɓa fassara musu shi. Mutum na farko da ya zauna ya ba su ma'anarsa da harshen da suke ji shi ne wanda ya ba su gurguwar ma'ana. Waɗanda suka tare shi tun da wuri kuwa malamai ne irin su marigayi Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, da karatu da hujja. Bulala ba ta taɓa warware shubuha ba. Abin da takan yi shi ne ta tabbatar wa uban yaro zarginsa cewa makarantar boko gaba take da addininsa, washegari sai ya cire ɗan, ya haɗa da ƙannensa mata. A jiha irin tamu, inda ake fama da roƙon iyaye su kawo yara aji, wannan hasara ce da ba mu da halin ɗauka saboda jimla shida.

Saboda haka ba mu goyon bayan a cire sunan Allah daga alkawarin, ba mu kuma ce a daina karanta shi ba. Mu kanmu muna karantawa, kuma za mu sake ɗaukar wanda ya fi shi nauyi ranar da aka rantsar da mu a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, ko a Fanisau ta Dutse ko a duk inda aka tura mu. Roƙonmu ga Ma'aikatar Ilmi ta Jiha shi ne ta sa masana harshe da malaman addini, Musulmi da Kirista, su zauna su fitar da fassara guda ta Hausa, da ta Fulatanci saboda makarantun 'ya'yan makiyaya, wadda ta ce hidima a inda ake cewa bauta, ta ce alkawari a inda ake cewa rantsuwa, a koyar da ita a aji kalma bayan kalma kafin a nemi yaro ya haddace ta Turanci. Ta kuma aika wa shugabannin makarantu takarda cewa yaron da ya tsaya shiru cikin ladabi ba a dukansa, ba a sa shi kamun kunne, ba a korarsa. In abin ya dami hedimasta, ya kira uban su zauna, in ya so da limamin unguwa ko faston gidan.

Kafin takardar ta fito, 'yan'uwanmu na sashen ilmi waɗanda za su fita koyon aikin koyarwa a makarantun Kafin Hausa da Bulangu da Sarawa da Ruba, ku ne za ku tsaya a gaban layin nan da ƙarfe takwas saura. Minti goma na darasin farko ya isa ku rubuta fassarar a allo, ku tambayi yaran abin da suka fahimta da kalmar amana. Muna so ku rubuto mana amsoshin da suka ba ku, domin a buga su a fitowa ta gaba ta wannan mujalla.

Shugaba, nan za mu dakata saboda a sami lokacin tambayoyi.